Mai ɗaga ƙarfe a Sakkwato: yadda za ka haɗa da gudu da aikin juriya ƙwanjinka bai zube ba

Duk wanda ke shiga wuraren ɗaga ƙarfe a garinga, ko jim na kuɗi mai madubi da fanka ko irin namu na unguwa da anka cika gwangwanin fenti da siminti anka soka mai ƙarfe, ya san irin mutanen da nake nufi. Ƙirji ya buɗe, damtse ya cika hannun riga, amma a kira shi ƙwallo da la'asar ko minti goma bai yi ba za ka gan shi ya dafe gwiwa yana haki, ko ya hau bene hawa biyu sai ya tsaya ya huta kafin ya iya sallama. Ƙarfi akwai shi, numfashi ne babu. Babbar mota ce anka sa ma injin kabu-kabu. Kuma abin na damuna ƙwarai don zuciya ita ce tsokar da ta fi kowace muhimmanci a jikin mutum, ita ce kuma wadda yawancinmu ba mu ba ko minti ashirin a sati.

Kada wani ya ce ai in na yi sukwat (tsugunawa da tashi da nauyi a kafaɗa) zuciyata na bugawa da ƙarfi, ashe na yi kadiyo ke nan, wato aikin juriya mai horar da zuciya da numfashi. Tana bugawa kam, amma na daƙiƙa talatin ko arba'in, sannan ka zauna ka huta minti biyu ko uku kana danna waya. Abin da ke sa zuciya ta ƙara yawan jinin da take turawa a kowane bugu, ƙananan hanyoyin jini su ƙaru cikin tsoka, tsokar kuma ta iya amfani da iskar da kake shaƙa yadda ya kamata, shi ne aiki mai ɗorewa, minti ashirin, talatin, arba'in ba tsayawa. Kuma ribar na dawowa wurin ƙarfen naka kai tsaye, domin hutun da kake yi tsakanin set da set, wato tsakanin zubi ɗaya na ɗagawa da na gaba, da iska jiki ke maido da ƙarfin da ya ƙare, mai numfashi mai kyau ya fi saurin farfaɗowa, set ɗinshi na huɗu da na biyar ba su lalacewa kamar na wanda ke haki tun a na biyu.

Na san tsoron da ke ran kowa: gudu na cinye tsoka. Maganar tana da asali, ba ƙirƙira ba ce. A 1980 wani mai bincike a Amurka, Robert Hickson, ya raba mutane kashi uku na tsawon sati 10, wasu ƙarfe kawai, wasu gudu da keke kawai, wasu kuma duka biyun. Waɗanda sunka haɗa biyun ƙarfinsu ya yi ta hawa daidai da na 'yan ƙarfe zalla har wajen sati na bakwai, daga nan ya tsaya, a ƙarshe ma ya fara sauka. To amma duba nauyin da anka ɗora musu, ƙarfe kwana 5 a sati, gudu da keke mai tsanani kwana 6 a sati, wajen minti 40 kowane zuwa. Wa zai yi haka jikinshi bai gaza ba? Binciken da sunka biyo baya cikin shekaru sun nuna cewa in an yi abin da tsari, girman tsoka da ƙarfin ɗaga nauyi ba su cika taɓuwa ba, abin da ya fi saurin taɓuwa shi ne ƙarfin zabura, irin na tsalle da fizga, musamman in an haɗa aikin biyu a zama ɗaya. An kuma lura gudu ya fi keke shiga hancin aikin ƙafa, kuma yawan kwanaki da tsawon lokaci su ne ke kawo matsala. Saboda haka maganar ba ta a yi ko kar a yi ba ce, ta nawa ne, da wane ƙarfi, kuma a wane lokaci.

Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idarta ta 2020 ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a sati, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, sannan aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Kai da ke ɗaga ƙarfe ka riga ka cika rabi na biyu, saura na farko, kuma minti 150 ɗin nan shi ne wurin da za ka nufa a hankali, ba wurin da za ka fara ba.

Inda kusan kowa ke ɓata abin shi ne wurin ƙarfin gudun. Mai ɗaga ƙarfe ya saba cewa in bai ji jiki ba bai yi aiki ba, sai ranar farko ya ɗaura kambas ya zuba da gudu kamar an biyo shi, bayan minti shida ƙirji na zafi, washegari ƙwauri da gwiwa na ciwo, ranar ƙafa ta zo ya kasa ɗaga abin da ya saba, sai ya ce kun gani ko, dama an ce gudu na kashe ƙarfi, ya aje. Malam ba gudun ba ne, yadda ka yi shi ne. Mafi yawan aikin juriyar da za ka yi, kamar kashi huɗu cikin biyar, ya zama mai sauƙi ne, sauƙin da har za ka ji kamar wasa kake. Ga yadda za ka gane: in kana cikin tafiyar ka gamu da wanda ka sani, ka iya gaishe shi cikakkiyar gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, ya gida, ya iyali, ya zafi, numfashi bai yanke maka ba, amma kuma da za a ce ka rera waƙa ba za ka iya ba, to kana daidai. In kalma biyu uku kawai ke fita kafin ka ja iska, ka wuce gona da iri, rage.

Mai son lissafi ya cire shekarunshi daga 220, abin da ya rage shi ne ƙiyasin ƙarshen bugun zuciyarshi a minti ɗaya. Ɗan shekara 30 ke nan 190, aikin sauƙi kuma ana yin shi wajen kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na wannan, wato bugu 114 zuwa 133. Ba sai kana da agogon nan mai tsada ba, ka tsaya ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ko gefen maƙogwaro, ka ƙirga na daƙiƙa 15 ka ninka sau huɗu. Amma ka sani ƙiyasi ne kawai, mutum biyu masu shekaru ɗaya na iya bambanta da bugu goma ko fiye, kuma cikin zafin Sakkwato zuciya na bugawa fiye da yadda za ta buga a sanyi ko da saurin tafiyar ɗaya ne, don tana tura jini fata domin jiki ya huce. Shi ya sa ni na fi yarda da gwajin gaisuwa.

Wane iri za ka zaɓa? In kana da jiki, kilo 85, 90 ko sama, ko ka daɗe rabonka da gudu, kada ka fara da gudu. Zuciya da huhu na saurin sabawa cikin 'yan makonni, amma jijiyoyi da ƙasusuwa da gaɓoɓi sun fi jinkiri nesa ba kusa ba, kuma kowane taku na gudu nauyin da ke sauka kan ƙafa ya ninka nauyin jikinka sau biyu ko fiye. Fara da tafiya mai sauri, irin ta wanda ya ji an tada iƙama yana nesa da masallaci amma bai ruga ba, ko kuma keke. Keke na da kyau ƙwarai ga ɗan ƙarfe don babu dukan ƙasa kuma ba ya barin ciwon cinya irin na gudu, kuma garinga shimfiɗe yake, keken gida na yau da kullum ya isa, ba sai na tsere ba. In jim ɗinku na da keken tsaye ko injin tafiya, to falillahil hamdu, in dai akwai wuta.

Sati biyu ko uku na farko ka yi sau biyu a sati, minti 20 kowane. Shi ke nan, kar ka ƙara ko da ka ji za ka iya. Daga nan ka mai da shi sau uku, minti 25 zuwa 30. In kana son shiga sassarfa to ka shige ta da yanka-yanka, minti ɗaya sassarfa minti biyu tafiya, ka maimaita sau takwas, sati mai zuwa minti biyu sassarfa minti biyu tafiya, haka haka har ka wayi gari kana minti 20 a jere ba ka tsaya ba. 'Yan gudu na da wata ƙa'ida ta kada a ƙara fiye da kashi 10 cikin ɗari a sati, ba wahayi ba ce amma tana hana mutum zarmewa. Ka nemi ƙasa mai ɗan laushi in da hali, filin ƙwallon makarantar unguwa ya fi kwalta sauƙi ga gwiwa, kuma don Allah ba da silifas ba, kambas ko na gwanjo ne in dai ƙasanshi bai cinye ba ya wadatar.

Sai bayan ka yi wata ɗaya ko sati shida kana wanga aiki mai sauƙi sannan za ka sa mai tsanani, kuma sau ɗaya a sati ya isa ɗan ƙarfe, in ya yi yawa biyu. Mafi sauƙin tsari shi ne ka ɗumama jiki minti 10, sannan daƙiƙa 30 da ƙarfi, daƙiƙa 90 a hankali, sau shida, in ka saba ka kai takwas ko goma. Akwai wani da masu bincike a ƙasar Nowe sunka yi suna da shi, minti 4 da ƙarfi, wajen kashi 85 zuwa 95 na ƙarshen bugun zuciya, minti 3 a hankali, sau huɗu, yana ɗaga numfashi sosai amma yana da wuya, a keke ya fi dacewa da mai ɗaga ƙarfe. Za ka kuma ji ana ta maganar Tabata a bidiyoyin intanet, daƙiƙa 20 aiki daƙiƙa 10 hutu sau takwas, minti huɗu kacal. Sunan wani mai bincike ne ɗan Japan, Izumi Tabata, da ya fitar da aikinshi a 1996, kuma waɗanda anka gwada a kansu 'yan wasa ne horarru a kan keke suna bayar da duk abin da ke jikinsu har su kusa faɗuwa. Ba abin sabon shiga ba ne, kuma minti huɗu ba za su maye maka gurbin doguwar tafiya mai sauƙi ba ko mi anka ce maka.

Akwai kuma aikin da ya fi shiga ran mai son nauyi, wanda ba sai ka sayi komi ba. Jarka mai lita 25 in ta cika da ruwa kilo 25 ce, ka ɗauki biyu ɗaya a kowane hannu, ka miƙe baya, ka yi tafiyar taku 40 ko 50, ka aje ka huta minti ɗaya, ka sake, sau biyar ko shida, za ka ji zuciya da tafin hannu da kafaɗa duk suna aiki tare (in 25 ta yi yawa ka rage ruwan, ba dole sai ta cika ba). Tsohuwar taya ka ɗaura mata igiya ka ja ta cikin fili, gaba da baya, wannan na da daɗi don yana tada numfashi amma ba ya barin ciwon jiki sosai washegari. Tsallen igiya ma haka, minti ɗaya tsalle rabin minti hutu, sau goma, a tsakar gida ko a soro. Gudu cikin rairayi, irin ƙasar da 'yan kokawa ke fafatawa a kai, yana rage dukan gwiwa amma yana cin sha-raɓa da jijiyar agara, ka shige shi kaɗan kaɗan. Kuma in kana buga ƙwallo sau ɗaya a sati da gaske, ba tsayuwa a baya ba, to ka lissafa ta a matsayin aikinka mai tsanani na satin, kar ka ƙara wani a kai.

Yanzu maganar jeri, wadda ita ce ke kare maka ƙarfinka. In dole a zama ɗaya za ka yi duka biyun, ƙarfe ne farko, juriya daga baya, domin mai gajiya in ya shiga ƙarƙashin nauyi ba ya ɗaga abin kirki kuma bayanshi na cikin haɗari. Minti biyar zuwa goma na ɗumama jiki kafin ƙarfe ba ya cikin wanga lissafi, wannan dole ne. In da hali ka raba su da awa shida ko fiye, kuma tsarin ranarmu ya dace da haka, tafiya ko keke bayan sallar asuba, ƙarfe bayan la'asar ko bayan isha'i. Abin da ba a yi shi ne a sa gudu mai tsanani ana gobe ranar ƙafa. Misali mai ɗaga ƙarfe kwana uku zai iya yin ƙafa ran Litinin, Talata da asuba minti 30 mai sauƙi, Laraba ƙirji da baya da kafaɗa sannan ya rufe da aikin daƙiƙa 30 ɗin nan ko jarka, Alhamis tafiya mai sauƙi, Juma'a hutu gaba ɗaya, Asabar ƙarfe na duk jiki, Lahadi keke ko tafiya minti 45 a natse. Ka juya kwanakin yadda sana'arka ta ba ka dama, mai shago a kasuwa da ɗalibin jami'a da ke zuwa Dundaye kullum ba za su yi jadawali ɗaya ba. Wanda kuma aikinshi na ƙarfi ne, lebura ko mai dako ko mai turin ruwa ko manomi da damina, ya riga ya samu kaso mai yawa na aikin juriya a wurin neman abinci, shi ɗan kaɗan mai tsanani da isasshen hutu ya fi buƙata.

Sai zafi, wanda duk tsarin da ka gani a bidiyon Turawa bai san da shi ba. Daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi a Sakkwato na yawan wuce 40 da rana, kuma gudu a irin wanga yanayi ba jarumta ba ce, kasada ce. Lokacinka shi ne daga idar da asuba zuwa wajen ƙarfe bakwai da rabi, in ya wuce haka ka bari sai dare. In bazara ta shigo ka rage tsawo da sauri na sati ɗaya zuwa biyu, jiki na ɗaukar kamar kwana 7 zuwa 14 kafin ya saba da aiki cikin zafi. Kaya marasa nauyi masu haske. Kuma masu sa leda a ciki ko rigar sanyi wai don su yi zufa kitse ya narke, ku daina, zufa ruwa ce da gishiri, abin da sikeli ya nuna ya ragu zai dawo da zarar ka sha ruwa, abin da ka jawo ma kanka kawai shi ne jiki ya kasa hucewa.

Cikin zafi mutum na iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu na zufa a awa ɗaya. In kana da sikeli ka hau kafin ka fita ka kuma hau bayan ka dawo, kowane kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa, wato fiya wata biyu, kuma ka sha fiye da abin da ya fita kaɗan, a hankali cikin awanni ba a tashi ɗaya ba. Ka sha kafin ka fita, ka riƙe leda ɗaya a hannu in za ka wuce rabin awa. Fitsari shi ne ma'aunin talaka, in ya yi fari-fari ko ruwan ɗorawa mai haske lafiya, in ya yi duhu kana bin jikinka bashin ruwa. Ranar da ka yi zufa sosai ruwan gishiri da suga na taimakawa, ko na leda da ake sayarwa a kemis, ko ka haɗa da kanka, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na suga a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mai hawan jini ko ciwon suga ya tambayi likitanshi kafin ya mai da wannan al'ada.

Lokacin hunturu matsalar ta juya, sanyin asuba na da daɗin gudu amma ƙura ce. Ranar da hazo ya rufe gari har ba ka hangen ƙarshen layi, ka yi aikinka a ɗaki, igiya ko keken tsaye, musamman in kana da asma ko yawan mura. Ka tsawaita ɗumama jiki, kuma kar ka yarda sanyi ya ruɗe ka ka ƙi shan ruwa, iskar busasshiya ce tana kwashe ruwan jiki ba ka sani ba. In a bakin titi kake, ko baifas ko hanyar filin Giginya ko ina ne, ka bi gefen da kake fuskantar motocin da ke tahowa, ka sa kaya masu haske don duhun asuba, kar ka toshe kunne biyu da iyafis, kuma da halin da ake ciki na tsaro ka tsaya cikin gari inda mutane suke, in ku biyu ne ko uku ya fi.

Da azumi ba a neman ci gaba, riƙe abin da ke hannu ake yi. Ka rage ƙarfe zuwa kwana biyu ko uku, aikin juriya kuma ya koma tafiya mai sauƙi minti 20 dab da buɗa baki, ta yadda kana gamawa ruwa na jiranka, ko kuma bayan asham in ciki ya sauka. Duk wani abu mai tsanani sai dare. Gudu da safe da bakin azumi a watan zafi, da sauran awa goma ko fiye kafin ka sha ruwa, ban ba kowa shawarar shi ba.

Mafi yawan waɗanda sunka ce gudu ya rame su, in ka bincika abinci ne ba su ƙara ba. Ka ƙara aiki, ka bar kwanon yadda yake, dole jiki ya ci kanshi. In burinka rage tumbi ne to wannan giɓin shi kake so, amma ɗan kaɗan. In kuma burinka girma ne sai ka mayar da abin da ka ƙona, kuma ba wani abu mai yawa ba ne, rabin awa na sassarfa kwano ɗaya na fura da nono mai kyau ya kusa biyan shi. Abin gina tsoka kuwa ana son wajen giram 1.6 a kowane kilo na nauyin jiki a rana, mai kilo 70 ke nan wajen giram 110. Ƙwai ɗaya na da kamar giram 6, saura ka nemo a wake, awara, nono, kifi, ƙuli-ƙuli, nama ko kilishi in aljihu ya yarda, ba sai ka sayi garin gwangwani mai tsada ba. Tuwo da shinkafa da dankali kuma kar ka guje su, su ne man da gudun da ƙarfen duka ke sha. Barci awa bakwai ko fiye, in zafi ko hira sun cinye daren ka rama da ƙailula.

Ka samu ɗan littafi ko ka rubuta a waya. Da ka farka kafin ka tashi daga shimfiɗa ka ƙirga bugun zuciyarka na minti ɗaya, na yawancin manya na tsakanin 60 da 100, kuma bayan wata biyu ko uku na wanga aiki za ka ga naka ya sauko. In wata safiya ka ga ya haura abin da ya saba da bugu bakwai ko goma, jiki bai huta ba ko wata cuta na tafe, ranar ka sassauta. Akwai kuma gwajin minti 12 da likita Kenneth Cooper ya fitar a 1968 don sojojin saman Amurka, ka ga nisan da za ka iya ci cikin minti 12, a fili ɗaya, lokaci ɗaya na safiya, ka ƙirga zagaye, ka sake bayan sati shida ko takwas, amma sai ka yi wata biyu da farawa kafin ka gwada na farko. Ɗaya ɓangaren littafin kuma nauyin da kake ɗagawa ne. In sati biyu a jere sukwat ɗinka na sauka, ka fara duba abinci da barci, in suna daidai ka rage aikin juriya da kashi ɗaya cikin uku, mai tsananin za ka fara cirewa, ka bar mai sauƙin.

'Yan'uwa mata da ke ɗaga dambel a gida ko a jim na mata, duk abin da na faɗa ya shafe ku daidai wa daida. Tsallen igiya, zagayen tsakar gida da sauri na minti 20, hawa da saukar bene, duk suna aiki in ba a samu fita ba. Mai juna biyu ta yi maganar a wurin awo kafin ta fara wani sabon abu.

Wanda ya haura 40, ko yake da hawan jini, ko ciwon suga, ko an taɓa samun mutuwar fuju'a ta zuciya a danginsu, ya je a duba shi kafin ya shiga mai tsanani, ko awon jini a kemis ne ya fara da shi, in yana kaiwa 140 bisa 90 ko sama a kai a kai to asibiti. Ciwon ƙirji, jiri, bugun zuciya da ke tsalle-tsalle, ko numfashin da ya ƙi dawowa bayan ka tsaya, ba abin daurewa ba ne, tsayawa ake yi a nemi likita. Ka san jinotayif ɗinka ma, mai AS, wato mai ɗauke da ƙwayar sikila amma ba shi da ciwon, lafiyarshi lau kuma yana iya kowane wasa, amma aiki mai tsanani sosai cikin zafi da ƙishirwa ya fi mishi haɗari, ya riƙa hawa a hankali yana hutawa yana shan ruwa. In abokin gudunka ya fara tangaɗi ko surutai marasa kan gado jikinshi ya yi zafi rau, ku kai shi inuwa, ku cire mai kaya masu nauyi, ku yi ta kwara mai ruwa kuna fifita, ku nufi asibiti nan take, ko na koyarwa na jami'a ko wanda ya fi kusa. Haka in bayan aiki mai wuya fitsari ya koma kalar shayi ga ciwon tsoka mai tsanani, wannan na iya taɓa ƙoda, kar a kwana da shi.

Masu haɗiyar tiramol ko wasu ƙwayoyi wai don kar su ji gajiya, gajiyar da ciwon su ne ke gaya maka ka tsaya, in ka kashe su ba abin da zai tsai da kai sai faɗuwa, ban da kamun da ƙwayar ke yi ma mutum. Ko magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, shan su kafin gudu cikin zafi jiki ba ruwa na wahalar da ƙoda. Sannan zazzaɓi, wanda da damina ba wanda ya tsira, in jikinka da zafi babu gudu babu ƙarfe, ka yi gwaji, ka sha magani ya ƙare, ka ƙara kwana biyu ko uku bayan ka ji sauƙi, sannan ka dawo da rabin abin da kake yi kafin ka kwanta, tafiya mai sauƙi tukuna, ƙarfe mara nauyi, mai tsanani kuma sai sati na biyu.